Ustaz Zaharaddini da Saniya Mai Shan Nononta

Wata huɗu kacal na yi a ofishin wani lauya a Sinja. Aikina shara, buɗe taga, da kaɗe ƙurar takardu. Amma ranar da na dawo ƙauyenmu na gefen Wad Haddad, jakar fata a hammata, biro uku a aljihun jallabiya, sai na sanar da kowa cewa daga yau Ustaz Zaharaddini za a riƙa ce mini, yadda ake kiran lauyoyi a birni. Wannan kafin yaƙi ne, lokacin da babbar fitinar ƙauyenmu ita ce ni.

Abin da na tsinto ta bayan ƙofar ofishin bai fi magana biyar ba, amma babu rumfar da ban baje su ba. Da an zauna shan jabana, gahawarmu ta gargajiya, sai in gyara murya.

"Ku ba ku san doka ba. Duk wanda ya sayar maka da kaya ya faɗa maka abin da ba haka yake ba, kai kuma ka saya saboda maganarsa, wannan algushu ne. Ka mayar masa da kayansa, ya miƙo maka kuɗinka. Ni kam ba a haifi wanda zai cuce ni a kasuwa ba."

Attahiru, taubashina, wanda katanga ɗaya ta raba gidajenmu, ya ce, "To Ustaz, mi ya sa lauyan yas sallame ka?"

"Ba sallamata ya yi ba. Ofishin ne ya yi mana kaɗan mu biyu."

"Kai da tsintsiya?"

Ban kula shi ba, don a lokacin kaina na ɗauke da babban shiri. Na lura masu shayin tashar Wad Haddad duk da madarar gari suke aiki. Zan sayi saniya irin ta Kenana, shanun da suka yi suna wajen nono, in riƙa kai musu madara da ɗuminta. Bana saniya ɗaya, baɗi uku, shekara ta uku mota mai ɗauke da sunana a gefe. Abu ɗaya ya rage, jari. Shi kuma yana hannun matata Maijidda, awarwaron zinariyar da ta gada wurin mahaifiyarta.

Kwana uku ina lallashi. A na ukun ta cire shi ta riƙe a tafin hannu, ta daɗe tana kallonsa.

"Baban Samira, ka taɓa tatsar saniya?"

"Shari'ar shanu goma sha biyu ta wuce ta hannuna."

"Ban ce shari'a ba. Saniya."

"Duk ɗaya ne, sai dai ita saniya ba ta ɗaukaka ƙara."

Ta aje mini awarwaron a kan tabarma. "Ka tahi da Attahiru. Shi ya san dabba."

Na tafi da shi, amma don in sami wanda zai ba da labarin gwanintata.

A kasuwar shanu ta Laraba na hango ta tun daga nesa. Fara ce mai ratsin toka, hantsarta kamar tulu. Wuyanta kuwa an jera sanduna an ɗaure da igiya, sun kewaye shi kamar shinge. Mai ita wani dattijo ne, Osman, mutum mai magana a hankali, sai ya haɗiye yawu tsakanin kalma da kalma.

Attahiru ya zagaya ta, ya buɗe bakinta, ya ce, "Baffa Osman, wanga itace na wuyanta fa, na mine ne?"

"Yauwa ɗana, gara da kat tambaya. Ita wagga saniya tana da wani hali. In ka..."

Na ɗaga hannu. "Haj Osman, kada ka wahalar da bakinka. Wanda bai taɓa fita ƙauye ba shi ake yi wa bayani. Wannan ado ne na shanun Kenana na asali."

"A'a ya Ustaz, ba ado ba ne. Nono dai tana da shi, amma..."

"Garwa biyu a rana. Ko ba a faɗa mini ba na gani."

"Ni ban ce garwa biyu ba."

"Ni na ce."

"To amma..."

"Kalas, Haj, ya isa! In ka ci gaba da yabonta zan ɗauka farashi kake son ƙarawa."

Attahiru ya ja hannun rigata, na fizge. Mutane sun fara taruwa, ni kuma da na ga taro sai wani abu ya hau kaina. Na buɗe jaka na zaro takarda, na ce cinikin masu ilmi ba a yin sa da baki. Na durƙusa na rubuta da Larabci wata magana da na sha jin lauya yana karantawa da murya mai kauri: mai saye ya duba kaya da idonsa, ya san halinsu, ya karɓe su yadda suke. Daɗin ta a kunne ya sa na haddace ta. Ban taɓa tambayar wa take karewa ba. Osman ya dangwala yatsa, Attahiru ya sa hannu a wurin shaida yana girgiza kai, na ja saniyata.

Muna isa gida na kwance sandunan, na ce saniyar Ustaz ba ta yawo da kayan ƙauyanci. Na ba Maijidda ta hura wuta da su, aka dafa wa 'yan kallo jabana. Na gayyaci kowa ya zo da safe ya ga tatsar farko, kowa ya zo da ƙoƙonsa.

Suka zo kuwa. Na fito da garwa biyu sababbi, na naɗe hannun riga, na tsuguna. Hantsar da jiya take kamar tulu yau ta zama kamar buhun da aka zazzage. Na ja, na matsa, na yi bisimilla na sake ja. Abin da ya sauka a garwa ko kyanwa aka ba za ta ɗauka zolaya ce.

"Gajiyar hanya ce," na ce.

Attahiru ya leƙa garwar. "Ustaz, ita ta biyun ta zuba mi ce? Hawaye?"

Washegari ma haka. Da yamma hantsa ta fara cika, da safe babu komai. A rana ta uku na gama bincikena, na gano ɓarawo. Bayan la'asar na tara maƙwabta a ƙofar gida, na tsaya a gaban turke, saniya tana bayana, na nuna Attahiru da biro.

"Jama'a, ku shaida. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun a kasuwa yake hassadar saniyar nan. Kuma jiya an ga 'ya'yansa da farin baki!"

"Kunu suka sha," in ji Attahiru.

"Kotu za ta tantance! A doka wannan sata ce da shiga gida ba izini, hukuncinta..."

Sai na ga ba ni ake kallo ba. Wata mata ta toshe baki da mayafi. Liman ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Attahiru ya zauna a ƙasa daɓas ya riƙe ciki.

Na waiwaya. Saniyata ta ɗaga ƙafar baya ɗaya, ta lanƙwasa wuya har ƙarƙashin cikinta, ta lumshe ido tana tsotson nononta, kumfa na zuba ta gefen baki. Ban taɓa ganin halitta cikin natsuwa irin wannan ba.

Da ƙyar Attahiru ya iya magana. "Ga ɓarauniya, Ustaz. In kira 'yan sanda, ko kai za ka kama ta?"

Liman ya ce ai sandunan nan su ne ke hana ta juya wuya. Ya tambayi inda suke.

"Kun sha jabana da su, Malam," in ji Maijidda daga bakin zaure.

Na ce ba na bukatar itace, ilmi ya wadatar. Na kwaɓa shatta, barkonon nan da ko mutum sai ya yi shahada kafin ya ci, na shafe mata hantsa da shi, na riƙe igiya ina jiran ta ɗanɗana ta tuba. Ta ɗanɗana. Ta yi wani irin kuka, ta tumɓuke turke, ta fita da gudu. Igiyar kuwa na naɗe ta a hannu. Ta ja ni ta cikin kuɓewar Attahiru, ta bi da ni ta gaban masallaci, ba ta tsaya ba sai da ta kai Abu Ishirin, ƙaramar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu. Ita ta tsallake. Ni ban tsallake ba.

Na dawo gida laka har kunne, takalmi ɗaya, biro ko ɗaya babu. Maijidda ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar gari duka ciwo. Ta kawo mini ruwa, ta zauna tana shafa wuyan hannunta inda awarwaro yake da.

"Kada ki damu," na ce. "Yanzu aka zo fagena. Osman ya yi algushu, ranar Laraba zai san da wa ya yi."

Rigimar dabbobi a yankinmu gaban Shehi Salih ake kai ta, shugaban kwamitin kasuwa, tsoho mai ɗan jiki da ke zama kan gadon igiya a inuwar dalbejiya. Na yi rabin sa'a ina jawabi. Na jefa Larabcin kotu, na buga jaka, har na ce "ya mai shari'a" sau biyu. Salih yana jan carbi bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Tamam. To wace magana yaf faɗa maka wadda ba gaskiya ba?"

"An ce garwa biyu a rana."

Ya dubi Attahiru, shaidan da ni da kaina na kawo. "Wa ya ce?"

"Ustaz."

"An ce Kenana ce ta asali!"

"Ustaz."

"An ce sandunan ado ne!"

"Wallahi Ustaz," in ji Attahiru. "Har da ɗaga hannu."

Salih ya juya ga Osman. "Kai fa, mi kac ce?"

Osman ya haɗiye yawu. "Ni, ya Shehi, 'amma' biyu na ce da 'in ka' ɗaya. Ba a bar ni na ƙarasa ko guda ba."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Na ce a dakata, akwai takarda. Na zaro ta na miƙa da hannu biyu, ina ji a raina an gama da Osman. Salih ya sa tabarau ya karanta a fili, a hankali, har da wurin da aka ce mai saye ya san halinsu, ya karɓe su yadda suke.

"Wa ya rubuta wanga?"

Na buga ƙirji. "Ni."

"To Osman ya gode." Ya ninke takardar ya miƙo mini. "Ɗana, aibin da aka ɓoye maka, ko ƙaryar da aka yi maka kas saya dominta, su ake maido da kaya a kansu. Wanda aka ɗaura a wuya kowa na gani, mai kaya na son ya faɗa maka kana rufe mashi baki, wannan naka ne. Ja saniyarka."

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni a hanyar gida wani sabon ilmi ya sauko mini: ashe in dai bakinka bai furta ƙarya ba, ba mai kama ka. Osman da "amma" ya tsira. Ni da na fi shi kalmomi fa?

Na samo takunkumi na sa mata kwana ɗaya da wuni, ina cire shi lokacin ci kawai ina tsaye a kanta. Hantsa ta cika ta yi tam har tana ɗiga. A ranar Maijidda ta tafi suna. Na aika aka kira mini Inna Indo, wata tsohuwa daga ƙauyen ƙetaren babbar hanyar ruwa, wadda ta daɗe a Hasahisa wurin jinyar 'yarta, ba ta ji labarina ba. 'Yar ta rasu ta bar mata jikoki uku, ta sayar da awakinta tana neman saniyar da za ta riƙe su. Ina jin sallamarta na cire takunkumin na cusa a jaka.

"Tana da nono, ɗana?"

"Inna, nononta ba ya kwana."

"Da daɗi dai?"

"Wadda ta fi kowa saninsa ba ta iya haƙuri da shi."

"Madalla. To tana da wani aibi? Ka faɗa mini tsakaninka da Allah, ni idona ya yi rauni."

Na ce, "Inna, taɓa hantsar nan ki ba kanki amsa."

Ta taɓa, ta yi murmushi, ta kwance bakin zane ta ƙirgo mini kuɗi. Ta tafi tana sa mini albarka.

Da Maijidda ta dawo na baje mata kuɗin a tabarma, na ba ta labari kalma bayan kalma, ina jiran yabo.

"Inna Indo? Mai marayu?"

"Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Ki bincika."

Ta tattara kuɗin, ta sa a akwatinta, ta kulle, ta rataya makullin a wuya. "Ba mai taɓa su. Inda suka hito za su koma. Zinariyata ta tahi, na haƙura. Amma ba za a maido mini ita da abincin marayu ba."

Laraba na zagayowa aka aiko in zo gindin dalbejiya. Na tarar da taron ya ninka na farko, har masu kankana sun bar kayansu. Inna Indo na zaune, igiyar saniya a hannu, ita kuma saniyar ta ɗaga ƙafa tana aikinta a gaban kowa, kamar an ce ta ba da shaida.

"Ustaz, ka dawo," in ji Salih. "Ka san aibin wagga saniya ranar da kas sayar?"

"Ya Shehi, tambayar doka ita ce, na furta ƙarya? Ban furta ba. Na ce nononta ba ya kwana. Yana kwana?"

Inna Indo ta ce, "Ba ya kwana, ɗana. Jikokina ne ke kwana da yunwa."

Na rasa inda zan sa idona, sai na ce bari in kawo hujja, na zazzage jaka da ƙarfi. Hujja ba ta faɗo ba. Takunkumi ne ya faɗo, ya gangara har gaban gadon Salih.

Attahiru ya ɗauka ya ɗaga sama. "Wanga wane sashe ne na doka, Ustaz?"

Salih bai yi dariya ba. "Ta tambaye ka aibi, ka kauce. Ka shirya dabba don hannu ya taɓa abin da ba haka yake ba. Wanda ya yi haka ya yi ƙarya ko da bai buɗe baki ba. Osman so ya yi ya faɗa aka hana shi. Kai so aka yi ka faɗa ka ƙi. Maido mata kuɗinta."

Kafin in ce uffan Maijidda ta ratso taron mata, ta durƙusa gaban Inna Indo, ta aje mata ƙullin yadda yake, ta ce, "Ki yafe muna, Inna." Ban san ta biyo ni ba.

Salih ya ƙara da cewa in har zan sake sayar da saniyar nan, to a kasuwar nan ne, yau, kuma in zagaya da ita ina faɗin aibinta da ƙarfi kowa ya ji.

Na fara a hankali, kai a ƙasa. "Saniya mai shan nononta."

"Ba mu ji ba, Ustaz!"

"Saniya mai shan nononta!"

Mutane suka biyo ni. Na waiga na ga sun fi ɗari, kowa ni yake saurare. To, abin nan da ke hawa kaina ya sake hawa. Na gyara tsayuwa.

"Daga nan har Damazin ba saniyar da ta kai ta mugun hali! Tana shan nononta, tana harbi, tana cizo! Ta jefa ni a ruwa sau uku! Ta cinye gonar kuɓewa guda! Juya ce, ba ta haihuwa, uwarta ma ba ta taɓa haihuwa ba!"

Aka yi ta tafi. Masu saye biyu da suka fara duba haƙoranta suka janye. Wani mahauci ya ce shi ma ya fasa, kada ta ciji masu cin naman. Da rana ta yi sanyi mutum ɗaya ya rage, Attahiru. Ya taya abin da ko tunkiya aka taya haka mai ita zai yi fushi.

"Taimakonka zan yi, ɗan'uwa," ya ce. "Wa zai ɗauki wagga masifa in ba na gida ba?"

Na sallama, har na yi masa godiya.

Da yamma ya sare sanduna ya ɗaura mata. Da safe na ji ƙarar madara a garwa ta bayan katanga, ƙarar da ba ta ƙarewa. Bayan wata biyar juyar da uwarta ba ta taɓa haihuwa ba ta haifi maraƙa mace, fara tas. Attahiru ya ce tun ranar farko da ya zagaya ta ya ga alamar ciki, ya ja mini riga don ya faɗa mini, na fizge. Ni kuwa sai da na yi kaka guda ina tsinkar auduga a gonakin mutane kafin hannun Maijidda ya sake ganin awarwaron zinariya, shi ma siriri.

Ranar da na ga maraƙar tana tsalle a tsakar gidan Attahiru ban iya zama ba. Na ɗauki jaka na nufi gindin dalbejiya.

"Ya Shehi, an yi algushu a cinikin nan na ƙarshe. An ce saniya juya ce, alhali tana da ciki. An ce tana cizo, ba ta taɓa cizon kowa ba. Ƙaryar nan ce ta karya farashi. A doka dole a warware ciniki."

Salih ya ɗago kai. "Wa ya faɗi ƙaryar?"

"Ni."

"Wa ya cutu?"

"Ni."

Ya ja carbi kamar uku, ya gyara zama.

"To kama shi ka kawo mini ranar Laraba. Amma ka zo da shaidu masu ƙarfi, don mutumin na san shi. Baki gare shi."